Kundin Aikin Auna Ƙurar Hunturu: Mu da Abokan Aikinmu na Ingila da Nijar

23 ga Satumba, 2024

Da safiyar yau shugaban tsangaya ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini kwafin yarjejeniyar da shugaban jami'a ya sa wa hannu ranar Juma'a. An ƙulla ta ne tsakanin Tsangayar Kimiyya da sashen nazarin yanayi na wata jami'a a Ingila, kuma aikin shi ne auna ƙurar hunturu a Kano na tsawon shekara uku. Su za su kawo na'urori da kuɗin ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu, mu kuma mu ba da wuri da ma'aikatan ɗakin gwaji da ɗaliban. Ni aka ɗora wa kula da aikin daga sashen fiziks, tare da wata abokiyar aiki daga sashen kemistiri.

Da zan fito sai ya jawo durowar da ake ajiye irin waɗannan takardu. Cike take, kowacce da hoton musabaha a maƙale. Ya ce, "Dakta, kada taka ta zo ta kwanta nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda ba za ta kwanta ba." Dalilin buɗe wannan kundi ke nan, domin duk wanda ya gaji aikin ya san inda aka kwana.

Sakin layi biyu ne suka jinkirta sa hannun tun kafin damina ta sauka. A rubutun farko an ce duk filtar da muka tara ƙura a kanta za a ƙunshe ta a aika Ingila, can za a auna nauyinta, can za a bincika abin da ke cikinta, bayanan kuma su zauna a rumbunsu, mu a ba mu lambar shiga. Muka ce ba mu yarda ba. In haka ne, aikinmu hawa tsani da sauko da filta ke nan, kuma bayan shekara uku ɗalibanmu ba za su iya komai ba sai hawa tsanin. Abin da muka tsaya a kai: a nan za a auna nauyi, a nan asalin bayanan zai zauna, su karɓi kwafi. Binciken sinadaran da ba mu da na'urarsa ne kawai za a kai can, kuma ɗalibinmu zai bi kayan. Ba su ƙi ba, gaskiya. Sun dai ce ba a taɓa neman haka daga gare su ba.

7 ga Oktoba, 2024

Na zauna da ɗaliban da aka zaɓa. Kafin su taɓa na'ura ina so su san inda ƙurar take fitowa da waɗanda suka riga mu auna ta.

Mafi yawan hazon da ke rufe Kano daga Nuwamba zuwa Maris daga Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani babban tafki ne. Da ruwan ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashe wannan gari ta yi sama da shi. Masana da yawa suna ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani kaso nata yakan tsallake Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Mu kuma muna bakin hanya, kwana ɗaya ko biyu ta iso mu.

An daɗe ana nazarinta. Grant McTainsh ya auna yawan ƙurar da ke sauka a Arewacin Najeriya, ya wallafa a mujallar Nature a 1980. Tun 1998 akwai na'urar duban rana ta shirin AERONET na hukumar NASA a Jami'ar Ilorin, tana auna yadda ƙura ke rage hasken rana, kuma kowa na iya sauke bayananta kyauta. A 2006, lokacin babban shirin AMMA na nazarin daminar Afirka ta Yamma, an kafa tashoshin auna ƙura a M'Bour ta Senegal da Cinzana ta Mali da Banizoumbou, gabas da Yamai. A shekarar ce kuma Amurkawa suka kawo tashar awonsu ta tafi-da-gidanka suka girke a Yamai, ta yi shekara, aka naɗe ta aka wuce da ita wata ƙasa, kamar yadda aka tsara tun farko.

Na tambayi ɗaliban: a cikin duk wannan, ina jerin awon da sashenmu ya yi da hannunsa, shekara bayan shekara, wanda za mu ɗauko mu nuna wa ma'aikatar lafiya? Suka yi shiru, don babu. Mu ne ke shaƙar ƙurar, mu ne yaranmu ke kwana tari, amma in ana maganar yawanta sai mun buɗe takardun wasu.

28 ga Oktoba, 2024

Mako guda ke nan Arewa na cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ba mu yi komai ba sai lissafi. Na sake rubuta kasafin, na cire kuɗin taron ƙaddamarwa da bugun kyalle, na mayar da shi kan sola da inbata da batura. Abokan aikinmu sun amince cikin kwana biyu. Matsalar ita ce an fara tsara kasafin tun dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a Yunin 2023, yanzu kuwa ta haura 1,600. Kuɗin da ke zuwa da fam ya ƙaru a takarda, amma duk abin da za mu saya a kasuwa shi ma ya tashi. Kayan sun iso Legas, ana bin takardun sassaucin haraji.

18 ga Nuwamba, 2024

Alhamdu lillahi, kaya sun iso, kuma mun girke su a rufin ginin sashe kafin hazon farko.

Iri biyu ne. Akwai babbar na'ura mai famfo, wadda ke zuƙar iska lita 5 a minti ɗaya ta bi da ita ta cikin filta mai faɗin milimita 47. A awa 24 ta zuƙi lita 7,200, wato kubik mita 7.2. In ka auna nauyin filtar kafin a ɗora da bayan an sauke, ka raba bambancin da 7.2, ka sami yawan ƙurar da ke cikin kowane kubik mita na iska. Sai ƙananan na'urori masu araha, waɗanda ke haska iska da lesa su ƙiyasta ƙwayoyin da ke cikinta daga yadda hasken ya warwatse, su aika da sakamako ta intanet kowane 'yan mintuna. Niyyar ita ce a rarraba ƙananan cikin gari, amma sai sun yi wata biyu kafaɗa da kafaɗa da babbar tukuna, mu ga ko bakinsu ɗaya.

Masanin da ya zo daga Ingila ya so ya haɗa komai da kansa don a yi sauri. Babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda kowa ke kira Malam, ya ce masa cikin ladabi, "Ka zauna ka faɗa mana, mu mu ɗaura. Ranar da ta tsaya ba ka nan." Haka aka yi. Malam ya kwance famfon ya mayar, ya sake kwancewa a gaban ɗalibai, ya sa kowa ya rubuta girman kowace roba da kowane noti, don a san wanda za a iya samu a Sabon Gari da wanda sai an yi oda.

9 ga Disamba, 2024

Makonnin nan uku duk a ɗakin awo suka tafi, kuma nan ne za a gane ko tsayawar da muka yi kan yarjejeniyar tana da tushe.

Ƙurar da filta ke tarawa a yini ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ko dubban maikirogiram ba, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Sashen kemistiri na da sikeli mai ganin irin wannan nauyi, ya daɗe a kwali saboda babu ɗakin da ya dace da shi. Ƙa'idar da ake bi ta ce a ajiye filta aƙalla awa 24 a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 20 zuwa 23, danshinsa tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kafin a ɗora ta a sikeli. Su a Ingila wahalarsu rage danshi. Mu a hunturun Kano danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, don haka namu aikin ƙara shi ne. Littafin umarnin da suka aiko ko layi ɗaya bai tanadar wa wannan ba.

Bushewar kuma tana haifar da tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota da hunturu. Filtar takan ɗauki caji, ta manne a hantsaki, lambar sikeli ta yi ta rawa ba ta tsaya. Na tsaya bayan wata ɗalibarmu ina kallo: ta ɗora filta, ta rufe gilashi, ta ja baya har da riƙe numfashi, lambar ƙarshe na hawa tana sauka, ta ƙi zama. Malam ne ya samo mafita. Ya toshe tagar ƙaramin sito, ya liƙe ƙasan ƙofa, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da ƙaramar na'urar turo danshi a kan batir, aka ja wayar ƙasa daga teburin, aka hana shiga da rigar leda. Abokan aikinmu suka aiko da 'yar na'urar kashe caji. Yanzu in aka auna filta ɗaya sau uku, sakamakon na zama cikin iyakar da ƙa'ida ta yarda.

Domin tabbatarwa mun auna wasu filtoci marasa komai, muka aika musu ba tare da faɗa musu abin da muka samu ba. Amsarsu ta zo jiya, ta yi daidai da tamu. Na buga takardar na manna a ƙofar ɗakin, don Malam ya fi kowa cancantar ganin ta kullum. Sunansa zai fito a takardar farko da za mu wallafa, na riga na faɗa wa kowa, domin a jami'o'inmu ma'aikatan ɗakin gwaji sun saba yin aikin a gode musu da baki kawai.

13 ga Janairu, 2025

Hazo mai nauyi ya sauka makon jiya, irin wanda daga rufin ba ka hango hasumiyar masallacin jami'a, rana ta koma fari fat ana iya kallon ta. Filtar da aka sauke ta yi kauri har famfon ya fara shaƙewa, dole muka koma sauya ta kowace awa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'aunin da ta fitar a 2021, ta ce kada ƙwayoyin ƙurar da ake iya shaƙa, waɗanda ake kira PM10, su wuce maikirogiram 45 a kubik mita a yini, ƙananan da ake kira PM2.5, masu shiga can cikin huhu, kada su wuce 15. Abin da sikelinmu ya nuna ya ninka wannan ninki ba ninki.

Sai ɗalibarmu ta lura da wani abu. Da yamma, lokacin da hayaƙin girki da na ƙona shara da na ababen hawa ya cika unguwa, ƙananan na'urorin suna bin sawun babbar. Amma ranar da ƙurar Bodele ta sauka, babbar na ihu, su kuma da ƙyar suke motsi. Ta zo ofis da zanen a hannu ta ce, "Malam, ko dai ni ce na yi kuskure?" Muka bi lissafin tare, babu kuskure. An san irin waɗannan na'urori da rashin ganin manyan ƙwayoyi sosai, domin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi aka fi tsara su a kai, ƙurar hamada kuwa ta fi girma. Abin da ke da muhimmanci shi ne, da mun rarraba su cikin gari tun Nuwamba, da taswirar intanet ta nuna iskar Kano da sauƙi a ranar da asibitoci ke cika da masu asma.

A taron bidiyo na ranar Alhamis wani daga can ya ce akwai ɗalibinsu na digiri na uku da zai iya rubuta wannan cikin sauri, a sa sunayenmu a tsakiya. Na ce wadda ta gano ita za ta rubuta, sunanta ne farko, nasu ɗalibin ya taimaka mata da lissafin ƙididdiga in yana so. Na tuna musu cewa tun 2022 mujallar Nature ta fito da matsayinta a kan binciken da ake zuwa ƙasashe matalauta a kwashi bayanai a tafi, kuma a Yulin 2023 an ƙaddamar da Yarjejeniyar Afirka kan haɗin gwiwar bincike a Windhoek ta Namibiya, wadda ke magana a kan wannan rashin daidaito. Shugabar tawagarsu ta goyi bayana nan take. Zai ɗauki lokaci fiye da yadda suka so, Turancin ɗalibar na buƙatar gyara, amma gyara ake yi.

3 ga Fabrairu, 2025

Ranar 29 ga Janairu ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A makon ne kuma na fi jin muna buƙatar Nijar.

Ƙurar kafin ta zo mana sai ta ratsa ta kansu. In da akwai na'ura a Damagaram, da muna da gargaɗin sa'o'i da za mu ba asibitoci da makarantu. Kuma Nijar ba baya take ba a wannan fanni. A Yamai cibiyar AGRHYMET ta nazarin noma da ruwa da yanayi take tun 1974, a can ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, take, babbar jami'arsu ma sunan masanin fiziks take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a binciken makamashin rana tun kafin sola ta zama ruwan dare. Duk da haka a durowar shugaban tsangaya ban ga takarda ko ɗaya da wata jami'ar Nijar ba. In aka ce hulɗa da ƙasashen waje, hankalinmu jirgi yake hawa, alhali daga Kano zuwa Damagaram ko Maraɗi tafiyar yini ce a mota.

Wani malamin fiziks na can, wanda muka haɗu a wani taro shekarun baya, ya yarda ya karɓi ƙananan na'urori biyu. Takardunsa da Faransanci, namu da Turanci, a waya kuwa Hausa muke yi, aikin na tafiya. Cikas ɗin shi ne ƙa'idar masu ba da kuɗin ba ta yarda a kashe ko sisi a wajen Najeriya ba, kuma kayan da suka saya ba za su ƙetare iyaka ba. Na kai maganar kwamitin tsangaya, aka amince a sayi biyu daga ɗan abin da sashe ke samu. Za su fara zama kusa da babbar na'urarmu tukuna, a fitar musu da lissafin gyara, sannan su tafi.

Abokan aikinmu na kwalejin likitanci su ma sun nuna sha'awa saboda sanƙarau. Mu da Nijar duk muna cikin yankin da cutar ke addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacin bushewa da ƙura take tashi, ta lafa da saukar ruwa. Annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya.

27 ga Fabrairu, 2025

Shekaranjiya firaministan Birtaniya Keir Starmer ya sanar da cewa za a rage kuɗin tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Shugabar tawagar ta kira ni, muryarta ba daɗi. Ta tuna 2021, lokacin da aka sauko daga 0.7 zuwa 0.5, aka yanke kuɗin ayyukan bincike da yawa suna tsaka da tafiya. Kuɗin bana na hannu. Na shekara ta uku ba ta iya yi mini alkawari ba. Mun yanke shawarar sayen filtocin shekara biyu da kayan gyaran famfo tun yanzu.

10 ga Maris, 2025

Azumi ya shiga, mun mayar da sauya filta bayan sallar asuba.

Makon jiya Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta daina fitar da bayanan ingancin iska da ofisoshin jakadancinta ke aunawa a faɗin duniya, ta ce saboda ƙarancin kuɗi. A ƙasashen Afirka da dama waɗannan na'urori na cikin 'yan ƙalilan masu ingancin da ake gwada sauran da su, kuma ɗalibai da yawa a kansu suka gina bincikensu. Wani abokina a Kudu ya kira ni, ɗalibinsa na tsakiyar rubutu, shafin ya tsaya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba na ganin laifin wanda ya ba da aro ya karɓe, kuɗinsa ne. Abin da ya dame ni shi ne shekarun da muka yi muna jin kamar namu ne.

Na kai wannan misali gaban shugaban tsangaya, na roƙi a sa kuɗin filta da batir da alawus ɗin mai hawa rufi a kasafin tsangaya na dindindin, ko da tallafi ko babu. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne, bai kai na taro ɗaya a otal ba. Ya ce in rubuto.

14 ga Afrilu, 2025

Hunturu ya wuce, zafi ya kankama, iska ta fara juyawa. Muna da awon lokacin ƙura guda cikakke, sai giɓin 'yan kwanaki a Disamba da inbata ta ƙone. Asalin bayanan na kan kwamfutar sashe, kwafi ɗaya a cibiyar kwamfuta ta jami'a, ɗaya a Ingila. Ɗalibarmu ta gama rubutun farko, yana hannun abokiyar aikina ta kemistiri. Ɗalibin da zai bi filtoci zuwa Ingila don binciken sinadarai ya miƙa takardun biza, muna jira. Na'urorin Damagaram sun gama zaman gwaji, Malam ya ƙera musu akwatin ƙarfe mai rufin kwano, wani direba da malamin ya amince da shi zai ɗauke su ranar Asabar.

Takardar kasafin dindindin ta wuce kwamitin tsangaya, saura majalisar jami'a, wadda za ta zauna a watan gobe. Kafin ruwan farko sai mun ɗaga batura daga ƙasan rufin mun sake liƙe ramin da wayoyi ke bi, domin bara nan ne ya yi yoyo. Na ba Malam kuɗin siminti da roba, zai fara ranar Laraba.